Takarda ta ce 40, shago ya ce 60, kwalba ta ce 100: wane gwajin sitabilaiza za ka bi kafin ka kira tanka?

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan maganar ta daɗe tana cin raina, dan kusan duk sati sai wani cikin yaranmu na Nima ko Mamobi ko Madina da ke aikin kula da swimin ful a gidajen East Legon da Cantonments da Spintex ya kira ni yana cewa Yaya ga abin da gwaji ya nuna min ban gane kansa ba. Kuma in ka bi ta, kusan kullum abu ɗaya ne, sitabilaiza. Kulorin da pH, wato awon tsamin ruwa, ba su cika ruɗa mutum ba, ka gwada ka ga kala ka san inda ka dosa. Amma sitabilaiza yau ya ce maka 40 gobe ya ce 100 jibi ya ce babu ma gaba ɗaya, alhali ruwan nan dai shi ne, ba wanda ya taɓa shi.

Ga wanda bai san shi ba, sunansa na asali sayanurik asid, a jikin kwalbar gwaji za ka ga an rubuta CYA. Aikinsa kamar laima ne ga kulorin. Ranar Accra ba ta wasa, in babu sitabilaiza a ruwa kulorin ɗin da ka zuba da hantsi kafin a kira azahar mafi yawansa ya tafi. Toh amma laimar nan in ta yi yawa sai ta danne kulorin ɗin, yana nan a ruwa, gwaji na nuna shi, amma ba ya iya kashe komai da sauri, kamar mai gadin da aka ɗaure wa hannu aka ce ya tsare ƙofa. Abin da ake so a ful na gida da ke fili shi ne 30 zuwa 50 ppm, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kada ya wuce 100. Ppm ɗaya kuwa giram ɗaya ne cikin lita 1,000 na ruwa, ku riƙe wannan dan za mu yi lissafi da shi an jima.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wani gida ne da aka kira ni a tsakiyar damina, saura kamar sati biyu Babbar Sallah, jikokin Alhaji za su zo daga Ingila kuma Hajiya ta ce lallai su tarar da ruwa garau. Ful ɗin mita 8 ne da mita 4, zurfinsa in ka haɗa gefen yara da gefen manya ka raba zai kai mita ɗaya da rabi, wato lita 48,000. Bango ya fara santsi, kore-kore na fitowa a lungu, yaron da ke kula da shi kuma yana rantsuwa bai taɓa fashin saka tabulet ɗin kulorin ba. 'Yar takardar gwaji ta ce kulorin 2, sitabilaiza tsakanin 30 da 50. Direba ya ɗebi ruwa ya kai wani shagon kayan ful, na'urarsu ta ce 60, suka ce lafiya lau ku dai ƙara tabulet, suka haɗa shi da bokiti guda da maganin gansakuka. Yaron kuma ya ari kwalbar gwaji mai baƙin ɗigo wajen abokinsa, ita ta ce 100. Da na iso Alhaji ya ce min "Malam, cikin ukun nan wa ke min ƙarya?" Na ce ranka ya daɗe ba wanda ya yi niyyar ƙarya, amma duka ukun ba su faɗi gaskiya ba. Da na gwada yadda ya kamata, 140 ne.

Bari in ɗauke su ɗaya-ɗaya dan ka san wanne za ka sa kuɗinka.

'Yar takarda ita ce kowa ke da ita, dan ita ce mai araha kuma ko'ina akwai. Ka tsoma ka cire ka jira sakan 15 ka kara da jikin kwalba, shikenan. A kan kulorin da pH na yau da gobe ba ni da matsala da ita, ni ma ita nake amfani da ita in na shiga gida da safe. Amma a kan sitabilaiza, gaskiya ita ce mafi rauni. Ka duba jikin kwalbar da kyau, mafi yawansu kalar tana tsalle ne daga 0 zuwa 30-50, sai 100, sai 150, sai 300. Tsakanin 50 da 100 babu komai, kuma nan ne duk shawarar take, nan ne ake yanke ko a zubar da ruwa ko a bari. Ga kalolin sun yi kama da juna sosai, mutum biyu su kalli takarda ɗaya kowa ya faɗi nasa. Sannan gurbin sitabilaiza a takardar yana bin pH, in pH ya sauka ƙasa sosai sai ya nuna maka ƙasa da abin da ke ciki, kuma ful ɗin da ake ɗura wa tabulet kullum pH ɗinsa dama ƙasa yake ja, ka ga an haɗu ke nan. In ka gwada bayan ka yi shok, wato ka zuba kulorin mai yawa a tashi ɗaya, kulorin ya hau sosai, nan ma kala na iya koɗewa. Sai kuma babbar matsalarmu ta bakin teku, laima da danshi. Yara na ajiye kwalbar a ɗakin inji inda zafi da tururi suke, su sa jiƙaƙƙen yatsa su zaro ɗaya, su bar murfi a buɗe suna hira, cikin wata ɗaya duk kwalbar ta mutu amma tana nan tana ba da kala kamar lafiyarta ƙalau. Ta gidan Alhaji da na juya gindinta, wa'adinta ya wuce da daɗewa. Ni a wajena takarda abu ɗaya kawai take iya gaya maka game da sitabilaiza, akwai shi ko babu shi. Kada ka kira tankar kawo ruwa saboda ita, kada kuma ka sayi sitabilaiza ka ƙara saboda ita.

Kwalba mai baƙin ɗigo ita ce zan daɗe a kanta, dan ita nake so yaranmu su iya. Yadda take aiki, akwai wani ruwan magani mai suna melamin, in ya haɗu da sitabilaiza sai ruwan ya yi fari-fari kamar an diga madara, iya yawan sitabilaiza iya kaurin farin. Irin ta Taylor da 'yan uwa ke zuwa mana da ita daga Amurka, za ka cika 'yar kwalbar haɗi da ruwan ful zuwa layin 7, ka ƙara magani zuwa layin 14, ka rufe ka girgiza sakan 30, sai ka riƙa tsiyayawa a hankali cikin dogon bututun da ke da baƙin ɗigo a ƙasa kana leƙawa ta sama, inda ɗigon ya ɓace nan ka tsaya ka karanta lamba a gefe. Abu na farko da ke ruɗa sabon shiga, lambobin a juye suke, 100 yana ƙasa, 30 yana can sama. In ɗigon ya ɓace da wuri tun ka zuba kaɗan, sitabilaiza ya yi yawa. In ka cika bututun har baki kana ganin ɗigon, bai kai 30 ba. Na taɓa ganin yaro ya karanta ta a baibai ya je ya ƙara kilo guda a ruwan da dama ya ƙoshi, Allah dai ya kyauta.

Ita ma tana da nata halin. Haske na canza amsa, in ka gwada a ɗakin inji ko da magariba ɗigon zai ɓace maka da wuri ka samu lamba mai yawa. Ka fito fili da rana, ka juya wa rana baya, ka riƙe bututun daidai ƙugu, ka kalla ka ɗauke ido, kada ka ƙura masa ido kamar mai neman jinjirin wata, dan in ka ƙura sai idonka ya riƙa ƙirƙiro maka ɗigon da ba ya nan. Kuma ba asara in ka maida ruwan cikin kwalbar haɗi ka sake tsiyayawa sau biyu ko uku ka ga ko amsa ɗaya kake samu. Layukan ba daidai suke da juna ba, daga 30 zuwa 40 akwai tazara, amma 80 da 90 da 100 sun cunkushe a ƙasa, saboda haka kada ka ce min 65 ko 72, in ya faɗa tsakanin 60 da 70 ka ɗauka 70 kawai. In ruwan ful ɗin dama ya gurɓace, ko gansakuka ko ƙurar hunturu ko garin kulorin da bai gama narkewa ba, wannan gurɓatar za ta haɗu da farin maganin ta ƙara maka lamba, sai ka tace ruwan da takardar tace kofi ko ka bari ya kwanta tukuna. Ruwa mai sanyi kuma ƙasa yake nunawa, mu nan ba mu da wannan damuwar sai dai in wani ya saka samfurin a firij wai dan kada ya lalace, wlh na ga an yi.

Amma babban abin da ya kamata kowa ya sani, kwalbar nan a 100 ta ƙare. In ruwanka 100 ne za ta ce 100, in 140 ne za ta ce 100, in 250 ne ma 100 ɗin dai za ta ce. Shi ne abin da ya faru da yaron gidan Alhaji. Maganinsa mai sauƙi ne kuma yana aljihun kowa, piya wata. Ruwan leda da ruwan famfo ba su da sitabilaiza ko kaɗan. Ka auna ruwan ful kofi ɗaya, piya wata kofi ɗaya, daidai wa daida, ka gauraya, ka yi gwajin da wannan haɗin, abin da ka samu ka ninka biyu. Ni na samu 70, shi ne 140. In haɗin ma ya ce 100, sai ka yi ɗaya na ful uku na piya wata ka ninka huɗu, sai dai ka sani kuskuren idonka ma ninkuwa yake yi, in ka kauce da 10 ya zama 40. Amma a wannan matakin ba wani bambanci, ko 280 ne ko 320 ruwan dai sai ya fita.

Aibinta ɗaya da ba zan ɓoye ba, maganin na ƙarewa da sauri dan kowane gwaji na cin mililita 7, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Amma sitabilaiza ba abin gwadawa kullum ba ne, sau ɗaya a wata ya isa, sai in an yi ruwan sama mai yawa ko an ƙara ruwa da tanka.

Na'ura kuwa, wadda ake kira fotomita irin su Lovibond da Palintest, mutane na ganinta da lambobi a fuska sai su ɗauka magana ta ƙare. A kan sitabilaiza yawancinsu hanyar melamin ɗin nan dai suke bi, ka murƙushe ƙwaya a ruwa ya yi fari, sai dai maimakon idonka haske ne ke aunawa. Wannan ya cire gardamar ido, kuma tana karantawa sama da 100 kafin ita ma ta kai iyakarta, nan ta fi kwalba. Amma tana son tsabta kamar amarya, shatin yatsa a jikin gilashi ko ƙarzuwa ko ƙwayar da ba ta gama narkewa ba ko mantawa da saita sifili da ruwan da ba a sa wa magani ba, kowanne na karkatar da amsa. Kuma abin da aka ba ta shi take aunawa. Na tambayi direban Alhaji yaushe ya ɗebi ruwan, ya ce da sassafe. Daren an kwana ana ruwa, ga dumsor, wato ɗaukewar wuta, inji bai juya ba tun jiya, shi kuma ya tsuguna ya kamfato daga sama-sama da robar lemo. Ruwan sama ya kai musu, gauraye da ɗan na ful. Na'urar ba ta yi laifi ba. Ko da wanne za ka gwada, ka bari inji ya juya ruwa ko da awa ɗaya ne bayan ruwan sama, ka nutsa hannu har gwiwar hannu, nesa da inda ruwa ke fesowa da inda tabulet ke yawo, ka ɗauraye robar da ruwan ful ɗin sau biyu kafin ka cika.

Toh wa ya kamata ya sayi na'ura? Mai gidaje goma sha wani abu a hannunsa, ko mai kula da ful na otal ko gidan baƙi inda ake son rubutaccen lissafi. Kuɗinta ya ninka na kwalba sau da yawa ga ƙwayoyinta su ma saye ake. Mai gida ɗaya ko yaro mai gida uku huɗu, takarda ta kullum da kwalba ta wata-wata sun ishe shi. Gwajin shago kuma ban ce kada a je ba, amma ka tuna wanda ya gwada maka shi zai sayar maka da magani.

Akwai gwaji na huɗu da ba a sayarwa, kuma ni shi nake fara yi kafin in buɗe jaka, wato lissafi. Tabulet ɗin nan babba mai giram 200 da aka rubuta wa TCCA 90, fiye da rabin nauyinsa sitabilaiza ne, kamar giram 110. Kulorin ɗin ya yi aikinsa ya tafi, sitabilaiza ya zauna. A ful mai lita 48,000 kowane tabulet na ƙara ppm 2 da ɗan ɗoriya. Biyu a sati, a wata ka ƙara kusan 20, a wata shida ka haura 100 in ba a fitar da ruwa ba. Yaron Alhaji sama da shekara yana saka biyu a sati, wankin filta da ambaliyar damina ne kawai suka rage sitabilaizan, ka ga tun kafin in gwada na san maganar 40 ba ta taso ba. A taƙaice duk ppm 10 na kulorin da ka samu daga tabulet yana bar maka 6 na sitabilaiza. Sai kuma wani tarko, garin shok. Akwai gari mai suna dichlor, shi duk 10 yana barin 9, ya ma fi tabulet. Akwai kuma calcium hypochlorite wanda muke kira HTH, shi ba ya barin ko ɗaya. Duka fari ne, duka warin kulorin suke, kuma wasu masu shago daga duro suke ɗebowa su ƙulla maka a leda ba suna ba komai, har garin TCCA ma ana sayarwa haka. Ka ce a nuna maka duron ka karanta da idonka. Yara da yawa na cewa ai Yaya na daina tabulet tuntuni gari nake sawa amma sitabilaiza na ta hawa, in ka bincika dichlor ne.

Kuma kada hunturu ya yaudare ka. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa na sauka kullum kana ƙarawa, sai ka ɗauka kana sirka shi. Ina! Iska ruwa zalla take ɗauka, sitabilaiza na nan daram kamar gishiri a tukunyar da ta ƙafe. Ba ya raguwa sai ruwan da kansa ya fita, ta wankin filta, ko fantsalar yara, ko ambaliya, ko yoyo.

Ɗaya ɓangaren kuma, in gwaji ya nuna sitabilaiza ƙasa da yadda kake zato. Wanda ya fi yawa shi ne wanda ya zuba garin sitabilaiza jiya ya gwada yau ya ga shiru ya ƙara wani. Garin nan taurin kai gare shi wajen narkewa, yana iya ɗaukar har sati kafin ya fito sosai a gwaji, kuma in ta sikima, wato ramin gefen ful da ke zuƙar ruwa zuwa filta, ka zuba shi a filta yake zama yana narkewa a hankali, in ka wanke filta cikin kwanakin nan kuɗinka ya bi kwata. Ka ɗura shi a tsohuwar safa ka rataye gaban inda ruwa ke fesowa kana matsawa lokaci-lokaci, ka yi haƙuri sati ɗaya. In kuwa ba ka taɓa komai ba amma wata-wata yana sauka kuma kana yawan ƙara ruwa, nemi yoyo, ka cika bokiti ka ajiye a matakalar ful ka yi alama ciki da waje, bayan kwana ɗaya in na waje ya fi na ciki sauka akwai inda yake zurarewa. Sai na ƙarshe mai ban mamaki, gidan da masu shi suka yi tafiya aka bar ful ya zama koren tafki wata da watanni ba kulorin. Wasu ƙwayoyin bakteriya na iya cinye sitabilaiza su maida shi amoniya, ka gwada ka ga sifili, ka zuba kulorin cikin minti kaɗan ya ɓace kamar ba ka zuba ba. Nan gwajin gaskiya ya faɗa, kuma sai ka ci gaba da zuba kulorin marar sitabilaiza har ya fara tsayawa kafin ka yi maganar ƙara wani abu.

Toh an tabbatar 140 ne, sai me? Hanya biyu ce. Ko ka zauna da shi ka ɗaga kulorin, ko ka fitar da ruwa. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kulorin kada ya gaza kamar kashi 7 da rabi cikin 100 na sitabilaiza. A 40 kana buƙatar 3, a 140 kana buƙatar sama da 10 kullum, inda yawancin takardun gwaji ma suka ƙare, kuma ranar da gansakuka ta kama sai ka ninka wannan sau da yawa kafin ta mutu. Kulorin 2 da takarda ta nuna a gidan Alhaji, a wannan ruwan kusan ado ne. Ni ban ga riba a zama da shi ba in ya wuce 90 ko 100. In 60 ko 70 ne kuwa kada ka wahalar da maigida, ka dakatar da tabulet ka riƙe kulorin wajen 5, wankin filta da damina za su sauko da shi.

Fitar da ruwa a Accra ba ƙaramar magana ba ce, kowa ya san yadda famfo yake, ko layin Weija kake ko na Kpong akwai ranakun da sai dai folitank, tankin robar da ake tara ruwa a gida, ful guda kuma ba folitank ba ne. Lissafin dai kai tsaye yake, ka fitar da rabi ka cika, sitabilaiza ya koma rabi. Daga 140 zuwa wajen 45 a tashi ɗaya sai ka zubar da kashi biyu cikin uku, lita 32,000. In ka yi shi kashi ɗaya cikin uku sau uku, 140 ya koma 93 ya koma 62 ya koma 41, amma ka sha lita 48,000, dan kowane zagaye kana zubar da wani sabon ruwan da ka saya. Tashi ɗaya ya fi araha, kaɗan-kaɗan ya fi aminci. Dalili, da damina ƙasa cike take da ruwa, musamman unguwannin da ke kwari ko kusa da teku, nauyin ruwan ciki shi ke danne ful ɗin, in ka kwashe shi ruwan ƙasa na iya turo shi sama ya tsage tayil ko ya ɗaga shi ɗungurungum. Kada ka taɓa kwashe ful ƙaf a watan Yuni dan wani ya ce maka a wanke. Ka kuma tambayi mai tanka daga ina ya ɗebo, ruwan bohol na wasu wurare na da ƙarfe a ciki, yana shiga garau kana zuba kulorin ya koma kalar shayi, wani kuma gishiri-gishiri. Masu cewa a bar ruwan sama ya cika, yana taimakawa amma kada a zuzuta, ruwan milimita 50 a kan ful mai mita 8 da 4 lita 1,600 ne kacal.

Bayan an sauko da shi sai zaɓin da zai hana a koma gidan jiya. Tabulet daɗinsa ba ya son kulawa, ka jefa a robarsa mai yawo yana narkewa a hankali ko da wuta ko ba wuta, ga wanda ke zuwa gida sau biyu a sati wannan babban abu ne, sai dai yana tara sitabilaiza yana kuma jan pH ƙasa sai kana bin sa da soda ash, garin da ke ɗaga pH. HTH ba ya tarawa, amma sai an zuba kullum ko bayan kwana biyu, yana ɗan ɗaga pH, yana ƙara kalsiyam kamar 7 a duk 10, kuma sai ka narka shi a bokiti, ruwa tukuna sannan gari. Kulorin na ruwa shi ma ba ya tarawa kuma ba ya barin kalsiyam, amma zafi na rage masa ƙarfi tun yana jarka, ga nauyi in a trotro kake yawo. Abin da nake yi a gidajena, tabulet har kwalba ta ce 50, daga nan in koma HTH in koya wa mai gadi ko mai aikin gida awon da zai zuba da yamma, in damina ta sauko da shi wajen 30 in dawo da tabulet. Abu ɗaya dai, dan Allah, tabulet da HTH ba sa haɗuwa, ba a bokiti ɗaya ba, ba a ludayi ɗaya ba, ba a robar da ɗaya ya taɓa zama ba. Suna iya kamawa da wuta ko su fashe su fitar da hayaƙi mai shaƙe mutum.

Gidan Alhaji a kan tudu yake, saboda haka na fitar da rabi muka cika ya dawo 70, bayan kwana huɗu na sake fitar da kashi ɗaya cikin uku, kwalba ta tsaya tsakanin 40 da 50. Lita 40,000 ke nan, Alhaji ya biya yana ta salati. Muka goge bango muka yi shok da HTH, kafin jajibiri ana ganin tayil ɗin ƙasa daga baranda. Ranar da zan tafi ya nuna min sabon bokitin tabulet ɗin da direba ya sayo ya ce wannan fa Malam, a mayar? Na ce a'a ranka ya daɗe, a rufe shi da kyau a ajiye a sito nesa da garin HTH, zai yi amfani in ruwa ya sauka 30. Yaron kuma na bar masa kwalbata da sauran magani, na ce ranar ɗaya ga wata ya gwada ya turo min hoton bututun a WhatsApp, da rana, a fili.